Babi na Bakwai: Tsirran da Suka Ƙi Bushewa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta a tsakiyar rani, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi, Kunchi da Makoɗa, zai tarar ƙasa ta yi fari fat. An kwashe amfanin gona, an tattare kara, iska sai tashin ƙura take yi. A bakin burtali da gefen wasu gonaki zai ga wani shinge mai launin toka, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, baƙo zai iya rantsewa matacce ne. To, ya karya reshe ɗaya ya gani. Nan take farin nono zai tsattsafo. Aguwa ke nan. Tana nan da ranta, ruwanta kawai ta ƙulle tana jiran damina.

Aguwa na cikin wani rukuni na tsirrai da masana ke haɗawa wuri ɗaya saboda hali ɗaya: duk suna tara ruwa a jikinsu, wasu a ganye, wasu a kara, wasu a gindi. A ƙasar Hausa muna da su da dama. Akwai fidda-sartse, wadda ake ɗiga nononta inda ƙaya ta maƙale. Akwai ƙerana mai kusurwoyi da ƙaya bibbiyu, da tinya ta kan duwatsu wadda maharba suka san dafinta. Akwai kariya mai kumburarren gindi da jan fure, da zabuwa, da karan masallaci, da moda wadda ake zare zarenta a tufka tsarkiyar baka. Ita kanta kuka rumbun ruwa ce a tsaye.

Abin da ya sa waɗannan tsirrai suka samu babi nasu shi ne matsayin da suke da shi a tarihin ilimi. Sauran tsirrai ana busar da su a adana shekaru ɗaruruwa. Waɗannan sun ƙi. Saboda haka ta hannun masu zane duniya ta san su, kuma duk inda zane ya yi ƙaranci, ilimin ya yi ta tuntuɓe.

Dabarar tsimin ruwa

Yawancin tsirrai suna buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu da rana domin su shaƙi iskar da suke haɗa abinci da ita, kuma ta waɗannan ƙofofin ne ruwa ke tsere musu. Zabuwa da ƙerana da karan masallaci sun juya al'amarin. Da rana ƙofofinsu a rufe suke. Sai dare ya yi sanyi su buɗe, su ɗebi iskar su adana ta cikin wani ruwa mai tsami, gari ya waye su yi aiki da ita da hasken rana. Aguwa da kariya kuwa zubar da ganye suke yi da zarar ruwa ya ɗauke, su dogara da abin da suka tara. Fatar jikinsu mai kauri ce, nononsu kuma ɗaci ne ko dafi, don haka dabba ba ta cika kusantarsu ba.

Manomin arewacin Kano ya daɗe da gane wannan hali, ya kuma sa shi aiki. A yankin da jama'a suka yi yawa har gona ba ta hutawa, inda ake noma fili ɗaya kowace shekara ana ciyar da shi da takin gida, iyaka abu ce mai tsada. Masanin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson sun wallafa nazarinsu kan wannan yanki mai cunkoson gonaki a 1965, kuma tun daga lokacin masu bincike daga ƙasashe daban-daban suke zuwa ganin yadda ƙasa ɗaya ke ciyar da mutane masu yawa haka. Shinge na cikin sirrin. Ana sare reshen aguwa a kafa a ƙasa tun ruwa bai sauka ba, babu ban-ruwa, babu taki, ya kama. Ya tare akuya, ya rage wa iska ƙarfi, ya riƙe rairayi, ya kuma raba gardamar iyaka tsakanin magada. A Jamhuriyar Nijar har tudun yashi mai tafiya ake tsayarwa da ita.

Abin da ya gagari matsi

Tun ƙarni na 16 masana tsirrai a Italiya suka fito da wata hanya mai sauƙi. A tsinko reshe da ganyensa da furensa, a shimfiɗa tsakanin takardu, a danne da nauyi har ya bushe, a manna shi a kan takarda mai kauri, a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka tsinko. Da irin waɗannan takardu aka gina manyan ma'ajiyoyin busassun tsirrai na duniya. Ta lambun Kew da ke Landan kaɗai tana da kimanin miliyan 7. Idan aka raɗa wa tsiro suna na kimiyya, takardar da aka yi amfani da ita ce shaida har abada.

Gwada wannan da ƙerana ka ga ikon Allah. Ko dai ta ruɓe ta yi funfuna, ko ta yi watanni a danne ba ta mutu ba, wani lokaci ma ta yi toho a cikin takardun. Masu tattara tsirrai sun koma tsaga ta da wuƙa, su ƙwaƙule tsokar, ko su tsoma ta a tafasasshen ruwa don su kashe ta tukuna. In an yi nasara, abin da zai rage a takarda ba ya wuce kamannin busasshiyar kuɓewa: kusurwoyin sun shafe, launin ya tafi, ƙayoyin sun karairaye, furen ya dunƙule. Duk alamomin da ake bambanta iri da iri da su sun salwanta.

Littafin farko da aka keɓe wa irin waɗannan tsirrai shi ne na Richard Bradley, wanda ya fito kashi-kashi a Landan daga 1716 zuwa 1727 da zane 50. Tun a bangon littafin ya bayyana cewa tsirran da ba sa busuwa ne ya sa a gaba. A ƙarshen ƙarnin, Francis Masson, mai tattara tsirrai na farko da lambun Kew ya aika ƙasashen waje, ya fitar, tsakanin 1796 da 1797, da zane 41 na dangin karan masallaci da ya gani a kudancin Afirka. A Faris kuma, daga 1799, shahararren mai zanen furanni Pierre-Joseph Redouté ya haɗa hannu da matashin masani Augustin de Candolle suka fara fitar da babban littafinsu mai zane fiye da 150 masu launi. Dalilin duka ukun ɗaya ne: abin da takarda ta kasa riƙewa a bushe, sai a kwafe shi da alƙalami tun yana ɗanye.

Aikin ba na garaje ba ne. Mai zane zai auna tsiron, ya zana shi da fensir, ya yi masa launin ruwa. Daga nan wani gwani ya karta hoton a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada a buga, sannan a bi kowane kwafi ɗaya bayan ɗaya ana sa masa launi da hannu. Shi ya sa irin waɗannan littattafai sai sarakuna da attajirai da manyan makarantu ke iya mallakarsu.

Malamin da ya tafi daji da mai zane

Wannan sana'a ba a Turai ta fara ba a ƙarni na 18. Likitan nan Bagirke, Diyoskoridis, ya rubuta littafinsa na magunguna a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, kuma wani kwafi da aka yi wa wata gimbiya a birnin Kustantiniya wajen shekarar 512 yana nan har yau a Biyana, babban birnin Ostiriya, da zanen wata 'yar'uwar zabuwa a ciki. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Hunainu ɗan Is'haƙa ya duba fassarar, kuma magwafa Musulmi sun yi ta kwafe shi da zane-zanensa. Larabawa sun san zabuwa da sunan sabir. Tana cikin Sahihu Muslim, inda aka ba mai harami da ke ciwon ido damar yin magani da ita.

Wanda ya fi kowa burgewa a wannan fage shi ne Rashiduddin as-Suri, likitan sarakunan Ayyubawa da ya rasu wajen 1241. Ibn Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci, ya ba da labarin cewa as-Suri yakan fita duwatsun Lubnan tare da mai zane da kayan launinsa. Zai nuna masa tsiro a inda ya fito, ya sa a zana shi sau uku: yana toho, ya cika ya yi iri, da kuma bayan ya bushe. Hujjarsa ita ce mai neman magani zai iya cin karo da tsiron a kowane hali daga cikin ukun. Shekaru kusan ɗari takwas ke nan, amma har yau babu wanda ya zo da ƙa'idar da ta fi wannan.

A ƙasar Hausa ilimin ya bi wata hanya dabam. Malamanmu sun yi rubutu kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta kan ciwon ido da kan basir da wasunsu. Amma gane tsiro a daji, ido da ido ake koyar da shi. Mai magani ya ja ɗansa zuwa bakin dutse, ungozoma ta nuna wa jikarta, makiyayi ya nuna wa ƙanensa. Gani ya kori ji. Hanya ce mai inganci matuƙar tsiron yana nan, mai nunawa ma yana nan.

Matafiya da rikicin zabuwa

Turawan farko da suka tattara tsirrai a wannan yanki sun zo ne ta Hamada. Likita Walter Oudney ya yi ta tsinkar tsirrai tun daga Tarabulus har Borno, ya rasu a watan Janairun 1824 kusa da Katagum, kwanaki kaɗan kafin abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya shiga Kano. Abin da suka tara shi Robert Brown ya yi wa sharhi a 1826. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya biyo hanyar Katsina ta Kusada da Bichi ya iso Kano a farkon Fabrairun 1851. Ya yaba kyan gonakin da ya ratsa, ya kuma yi zane-zane da yawa, waɗanda mai zane Martin Bernatz ya gyara a Jamus suka shiga littafinsa. Sai dai zanen matafiyi na garuruwa ne da shimfiɗar ƙasa. Za ka ga itace a ciki, amma ba za ka iya ƙirga ƙayarsa ba.

Labarin zabuwa ya isa misali. Charles Barter, wani ma'aikacin lambu da ya samu horo a Kew, ya biyo tawagar Likita Baikie zuwa kogin Kwara a 1857. Jirginsu ya yi haɗari kusa da Jebba, ya ci gaba da tattara tsirrai a ƙasar Nufe har ya rasu a Rabba a 1859. A 1880 masanin Kew J. G. Baker ya duba busasshiyar zabuwar da Barter ya aiko, ya raɗa mata suna Aloe barteri. Shekara fiye da 80 littattafai suna kiran zabuwar Afirka ta Yamma da wannan suna. Sai a 1963 Ronald Keay, wanda ya yi shekara 20 yana aikin gandun daji a Najeriya kuma ya san tsirran a raye, ya nuna cewa sunan ya haɗe iri fiye da ɗaya. Akwai wadda ganyenta ke mutuwa da rani ta koma cikin kumburarren gindinta a ƙasa, akwai ta kan duwatsu, akwai mai ɗige-ɗigen fari. A bushe duk sun zama abu ɗaya. Dole aka jingine tsohon sunan. Da a ce an zana kowacce da launinta da furenta a inda ta tsiro, da rikicin bai kai haka tsawo ba.

Kariya ma ta sha irin nata yawon. Peter Forsskål, ɗalibin babban masani Linnaeus, shi ya fara bayyana ta ga masanan Turai bayan ya gan ta a Yaman. Shi da mai zanen tawagarsu, Baurenfeind, duk sun rasu a 1763, sai Carsten Niebuhr, wanda shi kaɗai ya koma gida da rai, ya buga rubutun a 1775. A 1819 aka ba ta sunan dangi Adenium. Daga baya duk wanda ya samo ta a wata ƙasa, daga Sanagal zuwa Somaliya, sai ya ɗauka sabon iri ne ya ƙara mata suna. Wani ɓangare na matsalar shi ne kariya takan yi fure da rani lokacin da ba ta da ganye. Mai tsinka a watan Maris ya aika fure babu ganye, mai tsinka a Agusta ya aika ganye babu fure. Shawarar as-Suri ce aka rasa.

Likitan da ya tambayi mutane

Babu Baturen da ya yi wa tsirran ƙasar Hausa hidima irin John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya fara aiki a Afirka ta Yamma a 1905. Ya zauna a wurare irin su Katagum da Sakkwato, kuma duk inda ya sauka, bayan duba marasa lafiya, tambaya yake yi: mene ne sunan wannan, me ake yi da shi? A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Daga baya ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma daga 1927 zuwa 1936, sannan a 1937 ya fitar da littafinsa kan amfanin tsirran. Har gobe duk mai binciken maganin gargajiya a jami'o'inmu da wuya ya kauce wa sunansa.

Samfuran da Dalziel ya aika sun faɗa hannun N. E. Brown, wanda ya yi aiki a ma'ajiyar Kew daga 1873 zuwa 1914 kuma ya fi kowa a zamaninsa sanin tsirrai masu tara ruwa. A 1912 Brown ya raɗa wa karan masallaci suna Caralluma dalzielii don girmama likitan. Tsiro ne gajere mai kara kore, kusurwa huɗu, da haƙora a gefe, yana fitowa cunkus a gindin duwatsu, wasu kuma suna dasa shi a gida don magani. Furensa ƙanana ne masu duhun launi, suna reto a saman karan da siraran gashi da iska ke kaɗawa, kuma ƙudaje ne ke yi masa barbara. Wannan fure shi ne shaidar da ke raba shi da 'yan'uwansa, shi ne kuma farkon abin da ke lalacewa in an danne.

Shekara ɗaya kafin nan, a 1911, Brown ya ce aguwar Sahel iri ce mai zaman kanta, ya kira ta Euphorbia sepium. Waɗanda suka biyo baya suka ce a'a, ita ce dai Euphorbia balsamifera ta tsibiran Kanari, wadda William Aiton ya raɗa wa suna tun 1789. Da wannan suna na biyu ta shiga akasarin littattafan makarantunmu. A farkon shekarun 2020 wasu masana suka gwada ƙwayoyin halittar tsirran, sakamakon ya goyi bayan Brown: ta Sahel dabam, ta tsibiran dabam. Shingen da yaro ɗan shekara bakwai a Ɗambatta ya sani ya ɗauki masana fiye da shekara ɗari suna kai-komo a kansa.

Zanen da ke cikin kundin Hutchinson da Dalziel na baƙar tawada ne, da yawansu aikin W. E. Trevithick. Suna da tsabta da daidaito, kuma sun yi wa ɗalibai amfani ƙwarai. Amma a Landan aka yi su, akasari daga busassun samfura, kuma ba kowane tsiro ne ya samu zane ba. Haka abin yake tun zamanin Walter Hood Fitch, wanda ya yi zane kimanin 2,700 wa mujallar Curtis, mujallar zanen tsirrai da ta fara fitowa a 1787 kuma ba ta daina ba. Fitch ya shahara da iya duban busasshen tsiro ya maido da shi rayayye a takarda. Gwaninta ce babba, amma ko da ɗanyen tsiro aka samu a zana a can, wanda aka rena a tukunya cikin ɗakin gilashi a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi yakan yi tsawo, ya yi laushi, ya sauya launi. Aguwar da ta sha hunturu da bazarar Makoɗa ba haka take ba. Wanda ya ɗan bambanta shi ne H. V. Lely, jami'in gandun daji da ya fitar da littafin itatuwa 120 na Arewacin Najeriya a 1925 da zanen da aka yi daga itatuwan da ya sani a daji. Sai dai shi itatuwa ya sa a gaba, ƙananan tsirran shinge ba su ne damuwarsa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa. Kowane suna na Hausa da ke cikin ƙamus ɗin 1916 daga bakin wani ya fito: manomi, maharbi, wanzami, ungozoma, makiyayi. Da ɗan gari kan ci gari. Sunan likitan ya hau kan tsiro, sunan mai zane yana ƙasan hoto, amma akasarin waɗanda suka nuna hanya ba su shiga littafi ba.

Abin da alƙalami ke gani

Mai karatu zai iya cewa, yanzu da kowa ke da waya mai kyamara, ina amfanin zane? Tambaya ce mai kyau, kuma hoto ya kawo sauƙi wanda ba a musu. Amma har yau mujallun kimiyya suna neman zane idan za a bayyana sabon tsiro, kuma suna da dalili.

Kyamara tana ɗaukar duk abin da ke gabanta a daƙiƙa ɗaya: inuwa, ƙura, ciyawar da ke baya, ganyen da fara ta ci. Mai zane zaɓe yake yi. A shafi ɗaya zai nuna siffar tsiron gaba ɗaya, ya yanka karan a gicciye don a ga kusurwa nawa gare shi, ya tsaga furen ya ƙara masa girma sau goma, ya ajiye ɗan itacen da ƙwayar irin a gefe, ya ja layin ma'auni a ƙasa. Zai haɗa ganyen damina da furen rani, waɗanda ba sa haɗuwa a rana ɗaya. Kafin ya zana ƙaya kuwa sai ya ƙirga ta, don haka zanen yakan tilasta masa ganin abin da ido ke tsallakewa.

Ga misali mai amfani. Mutane da yawa suna kiran ƙerana kaktus. Kaktus na asali daga nahiyar Amurka yake, jiragen ruwa ne suka yaɗa shi a duniya. Kamannin da suke yi da ƙerana ya samo asali ne daga fama da matsala iri ɗaya, wato ƙarancin ruwa. Zane mai kyau zai nuna bambancin nan take. Ƙayar kaktus tana fitowa cunkus daga wani ɗan tudu mai gashi, furensa kuma babba ne. Ƙayar ƙerana bibbiyu ce a kan gefen kara, furenta ƙanƙane, kuma in aka yanke ta farin nono ke fita.

Sanin wannan bambanci yana iya ceton ido, ko ma rai. Aguwa, fidda-sartse, ƙerana da tinya duk dangi ɗaya ne, dangin da ya samo sunansa daga Euphorbus, likitan Sarki Juba na Biyu da ya mulki yankin Maroko da Aljeriya na yanzu a zamanin Rumawa. Amma ƙarfin nononsu ba ɗaya ba ne. Na aguwa da sauƙi. Na tinya yana ɗauke da wani sinadari da ya fi na barkono zafi sau ɗaruruwa, yana sale fata, in ya shiga ido kuwa sai abin da Allah ya yi. Wannan sinadari ne likitoci a Amurka da Turai ke gwadawa don kashe raɗaɗin ciwon daji da ciwon gwiwa. Kariya kuma, duk da kyan furenta da ya sa masu sayar da fulawa a Kano ke jera ta a tukwane, dafinta zuciya yake kamawa. Ɗalibin haɗa magunguna da ya tattara tsiro bisa suna kawai, ba tare da ya tabbatar da siffarsa ba, bincikensa na iya tashi a banza, domin suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari.

Aikin da ke jiranmu

Shingen aguwa yana ja da baya. A Ungogo, Dawakin Tofa da Minjibir, inda birni ke cin gonaki, fulotai da katangar bulo da waya mai ƙaya sun maye gurbinsa a wurare da yawa. Burtali yana tsukewa. Duwatsun da karan masallaci ke fakewa ana fasa su don gini. Tsofaffin da ke iya kama hannun yaro su nuna masa suna raguwa, yaran kuma suna makaranta ko birni. Hanyar ido da ido ta fara yankewa, hanyar takarda kuma ba mu shimfiɗa tamu ba tukuna.

Masu iya aikin kuwa muna da su. Akwai sashen nazarin tsirrai a Jami'ar Bayero, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, akwai sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ya daɗe da yin suna. Akwai masu zayyanar Alƙur'ani, da masu zanen hula da aikin wuyan riga, waɗanda hannunsu ya saba da layi mai daidaito. Wanda ke da shakku ta fuskar addini ya tuna cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito Abdullahi ɗan Abbas yana ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai ilimin tsirrai, da mai hannu, da dattijon ƙauye, a bakin shinge ɗaya.

Kayan aikin ba su da tsada: littafin zane, fensir, abin awo, da ƙaramin gilashin ƙara girma. A zaɓi tsiro ɗaya a ziyarce shi da bazara, da damina, da kaka. A zana abin da aka gani, kada a zana abin da ake tsammani. A rubuta sunan gari, da kwanan wata, da duk sunayen da ake kiran tsiron da su a wurin, da amfanin da ake yi da shi. A rubuta sunan wanda ya nuna, in ya yarda, a ƙasan zanen daidai da sunan wanda ya zana. A kiyaye nonon kada ya taɓa ido, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Malamin makarantar sakandare da ke karanta wannan babi zai iya farawa da ajinsa a zangon karatu mai zuwa. Tsirran nan ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba a kowace ƙaramar hukuma. Idan makarantu goma a arewacin Kano suka ɗauki tsiro bibbiyu, cikin shekara ɗaya za mu samu kundin da aka zana a inda tsirran suke rayuwa, da sunayensu na Hausa, da hannun 'ya'yan waɗanda suka dasa su. Kada mu jira sai shingen ƙarshe ya faɗi sannan mu tafi Landan neman hotonsa.